Yadda za ki saba wa kajinki da yin ƙwai a gurbi ɗaya, ko da tsakar gidanki ɗan mitsitsi ne

Gidan haya nake a Kano, kuma wurin da na samu na kiwon kaji bai wuce wani ɗan lungu ba tsakanin kicin da katangar baya, taku huɗu a tsaye taku uku a kwance. Kaji takwas na zuba a wajen, biyar kajin Hausa, uku Noiler, irin kajin nan da ake kiwo don nama da ƙwai. Da suka girma kullum da hantsi sai in ji kyarkyara ta cika gida, in fito da saurina in duba akurki, wayam. Nayi kusan sati biyu a haka ina zargin yara ina zargin mage. Ranar da muka tashi kwashe tarin itacen girki don damina ta matso, sai ga ƙwai goma sha uku a can ƙasa jikin katanga, an fasa uku an shanye, da alama gafiya ce, sauran kuma dana zuba su a ruwa fiye da rabi sun taso sama, sun zama ɓaragurbi. Wallahi abin ya min ciwo, don dusa da abincin da na zuba musu ba kyauta na samo ba.

Goggona ce ta fara wayar min da kai, ita duk rayuwarta da kaji take. Tace kaza bata yin ƙwai a inda ido yake, ɓuya take nema, kuma duk inda ta ga duhu da laushi da kwanciyar hankali nan ne gurbinta ko kin so ko baki so ba. Toh daga nan na gane aikin ba na tilasta wa kaza bane, aikin shine ki sa gurbin da kika tanada ya zama ya fi ko'ina daɗin ɓuya a gidan, sauran maɓoyan kuma ki toshe su. Abin da zan faɗa a ƙasa duk a kan wannan yake tafiya, kuma maza masu kiwo a bayan shago ko saman bene ku ma naku ne.

Ki fara da ƙirga kajinki. Ba kowace kaza ke buƙatar gurbinta ita kaɗai ba, gurbi ɗaya yana isar kaji huɗu zuwa biyar, kinga mai kaji takwas gurbi biyu ya ishe ta, ni dai uku na yi saboda kajin Hausa suna yawan kwanci kuma mai kwanci tana tare gurbi ne gaba ɗaya, zan zo kan wannan a ƙarshe. Ko kajinki uku ne kacal ki yi biyu, don wata rana biyu zasu matsu lokaci guda, wadda bata samu wuri ba sai ta saki a ƙasa, kuma daga ranar ta koyi ƙasa.

Girmansa ba wani lissafi mai wuya bane, ki ɗauko rular 'yan makaranta, santimita 30 ce. Faɗi rula ɗaya, zurfi rula ɗaya, tsayi rula ɗaya, shikenan ya ishi kazar Hausa da leyas, wato kajin da ake kiwo don ƙwai, irin su Isa Brown ko Shika Brown ɗin nan da aka samar a NAPRI, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya. Noiler tafi jiki, ita ki ƙara mata ya kai 35. Kar ki ce bari in yi musu ƙato su sake, babban gurbi matsala ne, biyu uku zasu cusa kai ciki suna tattake ƙwai yana fashewa. Kaza tafi son inda in ta juya zata ji jikinta yana gogar bango.

Da me za a yi shi? In kina da kuɗin kafinta ki bashi awon ya haɗa miki akwati mai ɗaki biyu ko uku a jere, ki ce masa samansa ya yi shi a karkace kamar rufin kwano, in ya yi shi a shimfiɗe kajin zasu mai da shi wajen zama su cika shi da kashi. Ni ban je wajen kafinta ba, jarka na yi amfani da ita, irin ta man gyaɗa mai lita 25. Na wanke ta tas da omo da ruwan zafi na shanya ta kwana biyu, na kwantar da ita a gefenta, na yanke ɓangaren bakin da wuƙar da na ɗora a wuta, amma ban yanke har ƙasa ba, na bar wani ɗan dakali kamar faɗin tafin hannu a ƙasan ƙofar. Wannan ɗan dakalin kar ki manta da shi dan Allah, shi ke hana shimfiɗa zubowa in kaza tana tone, shi ke hana ƙwai gangarowa waje. Bakin da kika yanka ki bi shi da wuƙa mai zafi ya yi sumul kar ya yanke musu ƙafa, sannan ki huda ƙananan ramuka a baya ta sama don iska, da biyu uku a ƙasa ko ruwa zai shiga ya samu hanyar fita. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko kalanzir ko maganin feshin gona kar ki kusance ta ko an wanke. Wani abu dana lura, jarka mai ruwan ɗorawa haske yana ratsa ta, cikinta baya yin duhu sosai, sai dana lulluɓe ta da tsohon buhu sannan suka yarda da ita. Bokitin fenti mai lita 20 shima yana yi in kin kwantar da shi, tsohuwar randa da bakinta ya fashe ma tafi duka a wajena don tana da sanyi lokacin bazara, dama irinta iyayenmu ke kifawa a bayan ɗaki. Kwalin taliya yana yi na wucin gadi amma baya jure damina kuma ƙuma tana son ɓuya a cikin ramukansa, in kin yi amfani da shi ki riƙa ƙonawa kina sake wani.

Ko da me kika yi, ki tabbata baya motsi. Ki tokare shi da bulo gefe da gefe ko ki ɗaure da waya. Kazar da ta shiga gurbi ya mirgina da ita, da wuya ki sake ganin ta a ciki.

Yanzu sai inda za a ajiye, kuma nan ne mafi yawanmu masu ƙaramin wuri muke kuskure, muna ajiyewa inda ya mana sauƙin miƙa hannu. Ki tsaya a wajen kajin da misalin ƙarfe tara zuwa goma na safe ki duba wace kusurwa ce tafi duhu a wannan lokacin, ita ce wajen. Bakin gurbin kar ya kalli gabas rana tana hasko cikinsa, kar ya kalli hanyar da yara ke wucewa ko inda kike wanke-wanke, in ya yiwu ki juya shi ya kalli bango ki bar 'yar hanya da kaza zata bi ta shiga. Kar ya kasance dab da kwanon abinci da ruwa don nan ne wajen hayaniya da tsattsagar juna. Kar kuma ya jingina da langa-langan da rana ke duka, a watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kaza bazata zauna rabin awa a cikin tanda ba. Ki ɗaga shi daga ƙasa, bulo ɗaya ko biyu, saboda damshi da ɓeraye. In wuri ya miki kaɗan sosai ki ɗora ɗaya kan ɗaya, biyu a ƙasa ɗaya a sama, amma ki kafa sanda a gaban na saman wadda zasu fara dira a kai kafin su shiga. Masu keji na waya kuma akwai dabara mai kyau, ki yanke wayar daidai bakin jarkar ki ɗaura jarkar ta waje, kinga bata cinye miki filin ciki ba ko taku ɗaya.

Akwai doka ɗaya da bana wasa da ita, sandar da suke kwana a kai dole ta fi gurbi tsayi. Kaza da magariba mafi tsayin wuri take nema ta hau, shi yasa kajin Hausa ke hawa katanga da bishiya. In gurbin ne yafi komai tsayi a cikin akurkin to a ciki zasu kwana, kuma kaza cikin dare take yawan kashi, da safe ki tarar gurbi ya ɓaci, ƙwan da aka yi a ciki duk ƙazanta. Ki kafa sanda mai kauri kamar ƙotar fartanya a sama da gurbin, kowace kaza ta samu wajen kamu ɗaya na zama, kuma kar sandar ta bi ta saman bakin gurbin kai tsaye.

Shimfiɗa. Abin da nafi jin daɗinsa buntun shinkafa ne, in kina da mai zuwa Kura ko kina kusa da injin casa buhu guda zai daɗe miki. Dusar katako ma tana yi, a 'yan katako na Na'ibawa ana samu, amma ki ce a baki mai murɗe-murɗen nan ta fira, garin mai laushi ƙura ne da shi yana shiga musu hanci. Busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, duk suna yi in sun bushe ƙayau. Ki zuba da kauri kamar yatsu huɗu, sannan ki sa dunƙulen hannunki a tsakiya ki murza ki yi ɗan kwari kamar kwano, yadda in kaza ta leƙo zata ga kamar wata ta riga ta zauna. A ƙarƙashin shimfiɗar ina barbaɗa toka mai sanyi da busasshen ganyen darbejiya, yana rage ƙuma. Tsumma da leda kar ki sa, tsumma yana riƙe damshi yana kuma naɗe musu farce. Daga ƙarshe ki rataya guntun buhu a bakin gurbin kamar labule ya rufe rabin ƙofar daga sama, ki tsaga shi gida uku. Ranar farko ki ɗage shi tukuna har su saba da shiga.

Toh sai ƙwan yaudara. Tsofaffi basa kwashe ƙwai duka daga gurbi, kullum sai sun bar ɗaya, dalili kuwa kaza in ta ga ƙwai a wuri tana ɗauka wajen amintacce ne tunda ba abin da ya taɓa na farkon. Matsalar barin ɗanyen ƙwai a zafin nan namu shine yana lalacewa da wuri kuma in ya fashe kin koya musu shan ƙwai. Ni ƙwallon tebur nake sawa fara, biyu a kowane gurbi, wata maƙwabciyata ita dutse ta samo mai santsi daidai girman ƙwai, wata kuma siminti ta cura ta shafa masa farar ƙasa. Kaza bata tantancewa sosai. In dafaffen ƙwai zaki sa ki yi masa alama da biro kuma ki cire shi bayan kwana biyu.

Lokacin da zaki kafa duk wannan yana da muhimmanci ƙwarai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Leyas suna fara ƙwai wajen sati 18 zuwa 22, kajin Hausa sukan kai wata shida ko fiye. Ki sa gurbin kamar sati biyu kafin lokacin. Alamar sagara ta kusa bata ɓuya, zankonta da fuskarta zasu yi ja sosai, zata fara wata 'yar ƙara tana zagaye lunguna tana leƙe-leƙe, in kin kai hannu bayanta maimakon ta gudu sai ta lafe a ƙasa ta ɗan buɗe fukafukai. Da kin ga haka, ki ɗauke ta a hankali ki sa ta a bakin gurbin ki bar ta, ta shiga ko ta fito duk ɗaya ne, ta dai san da wajen. Kar ki danna ta ciki kar ki rufe ta. Inda sagara ta yi ƙwanta na farko da na biyu, yawanci nan zata ci gaba.

Wadda ta riga ta saba da wani wuri fa, kamar nawa da tarin itace? Ita tafi wuya amma tana gyaruwa. Ƙwai yana ɗaukar kusan awa 25 kafin ya haɗu a cikin kaza, shi yasa zaki ga yau ta yi da hantsi, gobe ta ɗan makara, jibi ta ƙara makara, amma dai mafi yawan ƙwai tsakanin safe ne zuwa azahar. Don haka sai ki daina sakin su da asuba. Ki bar su a rufe a wajensu da abinci da ruwa har a yi sallar azahar, sannan ki buɗe su yi kiwonsu. Sati ɗaya zuwa kwana goma a jere ba fashi. Ranar farko wadda ta saba da waje zata tada hankalinki, tana kai da komo jikin waya tana kuka kamar ana yankata, ki daure, in ta matsu zata nemi mafi duhun wuri a inda take, kuma kin riga kin tanada. Wata baƙar kazata a rana ta farko a ƙasa ta saki dab da ƙofa, na ɗauke nan take na ɗora bulo a daidai wajen, rana ta biyu ta shiga jarka ta fito ta shiga ta fito ya fi sau biyar tana jan buntu da baki tana jefawa a bayanta, can wajen sha ɗaya na ji kyarkyara, na leƙa, ga ƙwai da ɗuminsa kusa da ƙwallon tebur. Amma ki kula, in lokacin bazara ne kuma wajen naki kwano ne ba iska, kar ki rufe kaji har azahar, zafi yana kashe su cikin awa kaɗan. Ki yi musu inuwa da zana ko buhu, ruwa mai sanyi wadatacce, in kin ga sun buɗe baki suna haki sun saki fukafukai ki buɗe su kawai, ƙwai bai kai ran kaza ba.

A cikin wannan satin ne zaki bi gidan lungu-lungu ki toshe tsofaffin maɓoya. Bayan randa, ƙarƙashin gadon da aka jingine, cikin turmin da aka kwantar, bayan buhunan gawayi, ƙarƙashin matakala, ki kife abin kifewa ki cusa bulo ko ƙaya a inda ba zai ɗauku ba. In baki san inda take zuwa ba ki rufe ta har wajen ƙarfe goma sannan ki sake ta ki bi ta daga nesa, da gudu zata kai ki. In kuma katanga take tsallakawa gidan maƙwabta ki rage gashin fiffike ɗaya da almakashi, dogayen na bakin kawai, baya mata zafi kamar yanke farce ne, kuma ya fi miki rigimar kaza da maƙwabta. Ƙwan da kika tsinto a ɓoye ki gwada shi a kofin ruwa, wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama ki zubar.

Ƙwan ƙasa kar ki bari ya wuce minti kaɗan in kina gida, ɗaya yana jawo biyu. Na cikin gurbi kuma ki kwashe sau biyu, da walaha da bayan azahar, lokacin da ba kowa a ciki. Kar ki ɗaga kaza tana zaune don ki ɗauki na ƙarƙashinta, kuma ki ja wa yara kunne sosai akan wannan, yawan leƙe kaɗai ya isa ya sa ta canza wuri.

In sun fara sai suka daina shiga, kafin ki ce taurin kai ne ki zura hannunki cikin shimfiɗar ki riƙe na ɗan lokaci. In kin ji abu yana bin fatarki ƙuma ce, kuma ba kazar da zata zauna ana cizonta. Ki kwashe shimfiɗar ki ƙone, ki wanke jarkar da ruwan zafi ki shanya a rana, ki zuba musu toka da yashi a tsohon baho su riƙa birgima, in abin yayi yawa kije shagon maganin dabbobi ki yi bayani a baki wanda ya dace da kaji masu ƙwai. Ko ba ƙuma ina canza shimfiɗa duk sati biyu, da damina duk sati, in ƙwai ya fashe a ciki kuma a take. Wani lokacin kuma ɓera ne ko gafiya ke shiga da dare, ko wata babbar kaza ce ke tsare bakin gurbi tana korar ƙanana, maganin wannan shine ki raba gurbin biyu kusurwa daban-daban yadda bazata iya tsare duka ba. Masu kwana a ciki kuma ki riƙa toshe bakin gurbin da kwali bayan la'asar ki buɗe da asuba, ki ɗora su kan sanda da hannunki bayan duhu yayi, kwana huɗu biyar sun gane.

Ƙwai mai laushin ɓawo shi ke saurin fashewa a gurbi, kuma rashin sinadarin kalsiyam ne yawanci, musamman in dusa zalla da ragowar tuwo kike basu. Ki riƙa tara ɓawon ƙwai ki shanya ko ki ɗan gasa shi, ki daka ya yi gari sosai yadda bazasu gane kamanninsa ba, ki zuba a wani ɗan gwangwani daban, ko ki haɗa musu da abincin leyas na buhu.

Saura maganar kwanci. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar sai ta kwanta, zaki ganta ta baje a gurbi dare da rana, in kin kai hannu ta kumbura tana gurnani tana sara. A ƙaramin wuri wannan yana rikita komai, don ta tare gurbin da kowa ke so, sauran ko su hau kanta su yi ƙwai a gefenta ta janye ƙarƙashinta, ko su koma ƙasa. In kina son 'yan tsaki, ki yi wa ƙwan da kika bar mata alama da biro, ki ɗauke ta da jarkar gaba ɗaya da daddare ki kai ta wata kusurwa ki kare ta da kwando ko waya, ga ruwa ga tsaba kusa, nan ne amfanin jarka ya fi na akwatin kafinta don ɗauka ɗaya zaki yi bata ma san an motsa ta ba. Kwana 21 zata ƙyanƙyashe, in ƙwan zabi kika sa mata kuma kwana 26 zuwa 28. A gurbin da ta bari sai ki mayar da jarka ta uku da ƙwallayenta a daidai wajen, kafin gari ya waye sauran su fito nema. In kuma bakya son kwancin, ki kwashe har ƙwan yaudaran daga gabanta, ki sa ta a keji mai ƙasan waya da kika ɗora kan bulo iska na bi ta ƙasa, a inuwa, da abinci da ruwa, kwana uku zuwa huɗu zafin kwancin zai sake ta, bayan sati ɗaya ko biyu zaki sake jin kyarkyararta a bakin jarka.